Jan Tsiron da Adiza Take Ci

Sulemana tsohon soja ne. Bayan yaƙin Kumasi aka sallame shi, ya kama ɗaki a Ankara ta bakin teku, gefen Zango, a gidan wata tsohuwa Ba'ankara mai suna Ayele. Matarsa Adiza ta haihu, ɗan bai zauna ba, ita kuma jini ya ƙi dawo mata. Ta ɗashe kamar toka. An sha rubutu, an sha sassaƙe, shiru.

Sai Mumuni, abokinsa da ke yi wa wani Bature kuku, ya zo da iri ƙulle a tsumma.

"Wani rogon Turawa ne, ja wur," in ji shi. "Kada ka jira ya yi saiwa. Da ya tsiro ka yanka mata ta ci ɗanye."

"Ɗanye? Akuya na aura?"

"Akuya ai ta fi ka hankali. Kai dai shuka."

Ƙasar tsakar gidan rairayi ce mai gishiri, ya shuka bai fito ba. To a ƙuryar gidan akwai wani ɗaki da rufinsa ya faɗi, ba mai kwana ciki. Daɓen ya tsage, ƙasar ciki baƙa ce, da danshi ko da rani. Sulemana ya ɗebo ya cika kasko.

Tsiron ya fito cunkus, kara ja kamar an tsoma a jini. Adiza ta ci. Ta ƙara ci. Leɓenta ya yi ja, ta tashi ta kama tsintsiya. Sulemana ya ƙaro ƙasa, ya ƙaro kasake.

Daga nan ta ƙi tuwo, sai dokunu, tuwon masarar Ankarawa, da kifi. Ta koma niƙa barkono da hagu. Da rana tsaka sai ta je ta zauna a ƙofar rusasshen ɗakin, ta miƙe ƙafa, tana kallon gida kamar mai duba inda aka yi ɓarna. In ya kira Adiza, sai ya maimaita kafin ta waiwayo.

Ran nan Ayele na wanke kifi, Adiza ta daka mata tsawa da harshen Ankarawa, harshen da ko gaisuwarsa ba ta iya ba. Ƙwaryar ta suɓuce wa tsohuwa. Ta dubi kasaken, ta dubi Sulemana.

"Soja, ina ka ɗebi ƙasa?"

Ya nuna mata.

"Mu ba ma kai mamatanmu daji," ta ce da gurguwar Hausarta. "A ɗaki muke ajiye su. Uwata tana nan ƙasa. Haka take min faɗa in na zubar da ruwan kifi a nan."

Sulemana bai tsaya gardama ba. Ya farfasa kasaken, ya kwashe ya zubar a teku.

Adiza ta dawo hayyacinta. Ta san shi, ta yi masa tsiya kan rigarsa da ta yage. Amma jan leɓen ya tafi, ƙafa ta daina ɗaukarta, ta koma tabarma.

"Maigida," ta ce, "in na ci abin nan ban san inda nake tafiya ba. Wuri ne mai matsi, ba iska. Kada ka sake ba ni, ko na roƙe ka."

Ya ce ya ji.

Ya shuka sauran irin a ƙasar da ya ɗauko daga bayan gari. Ya fito fari-fari, ta ci, ba abin da ya yi mata. Ta daina magana. Hannunta ya yi sanyi, sai numfashi sama-sama.

Da hantsi inuwa ta tare ƙofa. Ayele ce, riƙe da kasko, tsiro ya cika shi ja wur. Ashe ta tsinci irin da ya zube, ta shuka nata a ƙasar ɗakin uwarta. Ta ajiye a bakin tabarma, ta durƙusa tana jira.

Sulemana ya daɗe yana kallon ƙirjin matarsa, yana ɗagawa da ƙyar. Ya zaro wuƙa ya yanko tsiron. Ya murje shi da yatsa, ya buɗe bakinta ya matsa mata.

Kafin azahar ta buɗe ido. Ta tashi zaune ba wanda ya taimaka mata. Ta dube shi sama da ƙasa, sannan ta juya ga Ayele ta yi magana da harshen Ankarawa.

"Me ta ce?" in ji Sulemana.

Ayele ta share hawaye da bakin zane.

"Ta ce wane ne wannan baƙon, kuma wa ya ba shi ɗaki a gidanta."