Abin da Dada ta Bari a Foldar Hadi

Maiwada ya goge muryar mahaifiyarsa da yatsansa, da rana tsaka, yana cikin hankalinsa. Kada wani ya ce kuskure ne ko sharrin na'ura. Hassada ce.

Shi ne ɗan fari a wurin Dada, Bafulatanar Toranke, kuma Dada ta riƙe kunyar ɗan fari yadda ta tarar ana yi. Bai taɓa jin ta kira sunansa ba. In ya shigo gaishe ta, tabarma take kallo ta amsa. In abinci za ta ba shi, sai ta ce da ƙanwarsa, "Muhsina, miƙa wa wancan." Shekara arba'in da bakwai yana wancan. Ya san al'ada ce, kowa ma ya sani. Amma sanin bai hana ransa suya ba duk lokacin da ta buɗe baki ta ce "Hadina" da autanta.

Hadi malamin makaranta ne a Gaya. A ciwonta na ƙarshe ya riƙa ɗaukar muryarta a waya: addu'o'i, hira, har da sunayen shanun da mahaifinta ya kiwata. Duk yana juye su a wani baƙin akwatin ajiya da ke falonsa, wanda wayoyin gidan ke iya shiga. Bayan rasuwarta faifan akwatin ya fara ƙara, ƙas-ƙas, sai Hadi ya sayo sabo daga Kano.

Ranar da zai kwashe abin da ke cikin tsohon, Maiwada ya shigo Gaya sayen taki, ya biya ta gidan.

"Yaya, ka zo a daidai," in ji Hadi yana durƙushe cikin wayoyi. "Tsohon nan ya kusa mutuwa, ina juye shi a sabon. Zai ci awa huɗu, ga shi ina da ɗaurin aure a Kademi. Ka zauna min kusa, in solar ta yi ƙasa ka tayar da janareta."

"To, sarkin boko. Yau kuma gadi aka ɗauke ni."

"Gadi da shayi, Yaya. Amma don Allah kada ka taɓa komai. Kamar madubi na haɗa su. Abin da ke tsoho shi zai fito a sabo, abin da aka cire a tsoho, sabon ma zai cire."

Hadi ya hau babur ya tafi. Maiwada ya sha shayi, ya gaji da kallon bango, ya jawo kwamfutar Hadi da ke haɗe da akwatin. Ga folda an rubuta mata Dada. A cikinta akwai ta Muhsina da abu uku, ta ɗaya ƙanwarsa Zuhra da abu biyar, ta Hadi da sittin da huɗu. Ya duba sama, ya duba ƙasa. Babu Maiwada.

Ya buɗe na farko a ta Hadi. Muryar ta cika falon, a shaƙe, da ɗan tarin nan nata: "Hadina, Allah ya yi maka albarka, ya ba ka masu yi maka yadda ka yi min." Ya buɗe na biyu, Hadina. Na tara, Hadina. Shi da ya noma mata gero shekara ashirin, shi da ya goya ta zuwa mota ranar da ta faɗi, ko layi ɗaya bai samu ba. Wannan yaron kuma zai zauna har tsufansa yana kunna albarka kamar rediyo.

Ya zaɓi foldar Hadi gaba ɗaya, ya danna gogewa. Na'urar ta tambaye shi ko ya tabbata, ya ce ya tabbata. Ya bi foldar kwandon shara ya zubar da ita a can ma. Ya gaya wa kansa cewa Hadi zai ɗora wa tsohon faifai laifi. Sannan ya ƙara shayi.

Bayan la'asar Hadi ya dawo da fara'arsa da goro a aljihu.

"Ya gama? Alhamdu lillahi. Yaya, zauna, akwai amanarka a hannuna. Dada ta ce sai an yi arba'in in ba ka, to gobe ne arba'in, kuma ga ka ka zo."

"Wace amana?"

"Kwana uku kafin ta rasu ta sa na kunna mata waya na ajiye a kan filo. Magana ta yi maka, kusan minti ashirin. Ban sa sunanka a kai ba don kada yaran gida su buɗe. A cikin tawa foldar na ɓoye, shi ne na sittin da huɗu."

Hadi ya duba sabon akwati, ya koma tsoho, ya sake dawowa sabo. Ya buɗe inda na'urar ke rubuta duk abin da aka yi a cikinta, ya daɗe yana kallo.

"Ƙarfe ɗaya da minti goma aka goge. Yaya, wa ya shigo ɗakin nan?"

"Babu kowa." Sannan ya ce, "Wayarka fa?"

"Na share ta tun da na juye."

"To me ta ce? Kai ai ka ji."

"Ban ji ba. Ta ce in fita in ja ƙofa. Ina jan ƙofar dai na ji ta fara. Ta ce Maiwada, sau uku."

Bayan sadakar arba'in suka kai tsohon akwatin wurin masu gyara a Kano. Faifan bai sake juyawa ba. Hadi bai zage shi ba, bai kai ƙararsa wurin dangi ba, da Muhsina ta tambaya ma cewa ya yi faifai ne ya mutu.

Hadi ya ji albarkarsa da kunnensa tun Dada na da rai, babu mai goge masa ita. Maiwada kuwa uwarsa rana ɗaya ta kira sunansa a duniya. Bai ji ba, kuma ba zai ji ba.