Shanun Gidaɗo a Kurmin Kuberi

A shekarun da Turawa suka kaure da yaƙi tsakaninsu, labari ya zama abin da ake zuwa kasuwar Jega dominsa, kamar goro da gishiri. Yakan biyo waya ya sauka wurin Baturen Birnin Kabi, masinja ya kawo shi Jega, sannan ya faɗa bakin Malami sankira, mai shelar gari. To, Malami mutum ne da ba ya iya barin magana yadda ya same ta. In an ce masa ɗari sun mutu, kafin ya hau kututturen da yake tsayawa a kai sun zama dubu. Kuma ba laifinsa shi kaɗai ba ne, don ran da ya ce lafiya lau, ko kaza ba ta tsayawa.

Gidaɗo makiyayi ne, rugarsa na kusa da Aliero. Kanwar shanu ta kawo shi kasuwa wata Juma'a, farkon damina, sai ya tarar da Malami yana ta zuba.

"Jama'a ku saurara. Jamus sun taso. Suna da jirgi mai tahiya bisa iska, suna da hayaƙi mai kashe gari guda. Babbar hanya su ka bi, kuma in sunka ishe garke, ko maraƙi ba su bari."

Gidaɗo bai san inda ƙasar Jamus take ba, Malamin ma bai sani ba. Abin da Gidaɗo ya sani shi ne rugarsa a bakin babbar hanya take.

Da ya koma gida ya ce wa matarsa Hamsatu ta ɗaure kaya, za su gangara kurmin da ke bayan Kuberi. Ta ajiye ƙwaryar da ke hannunta ta dube shi.

"Kurmi da damina? Kai da kanka ka ce min Baffa ya hana. Tsando fa?"

"Tsando na san shi," in ji Gidaɗo. "Waɗanga mutane ban san su ba."

Wannan ce wautar, kuma ba wawa ne ya yi ta ba. Duk yaron da ya taɓa riƙe sandar kiwo ya san cewa in ruwa ya sauka tudu ake nufa, ba a kusantar duhuwar da ƙudan tsando yake. Amma ƙuda abu ne da aka saba gani, ba wanda ya taɓa hawa kututture ya yi shelarsa.

Kurmin ya ɓoye su sarai. Ciyawa har gwiwa, ruwa ko'ina, ba mai wucewa. Shanun suka yi ƙiba, Gidaɗo har ya fara yi wa Hamsatu dariya. Daga nan sai gashinsu ya soma tashi, idanunsu na zubar da ruwa, haƙarƙari ya fito. Sammore ce, ciwon da tsando ke sa wa shanu. Ya jiƙa saiwoyi, ya yi musu hayaƙi, ya yi musu lalas da ƙarfe mai zafi. Ya so fita, amma wani falke ya ratso ya ce ai Jamus sun kusa Sakkwato, a kasuwa ya ji. Sai ya ƙara zama.

Ran da jar saniyar da ya gada wurin mahaifinsa ta faɗi, ya yi kuka kamar yaro. Ta biyu ma ya yi. Bayan nan kukan ya ƙafe. Ya zama in gari ya waye sai ya wasa wuƙa ya zaga, wadda ta kasa tashi ya yanka, ya feɗe, ya shanya fatar. Hamsatu ta daina tatsa, ta kife ƙorenta. Ba su yi faɗa ba, ba su ma cika magana ba. Yana cin abinci in an ba shi.

Da kaka suka fito, da jaki ɗaya da ƙullin fatu. Ya wuce Jega wurin Tamu mahauci, wanda ya saba sayen bajimansa.

"A'a, Gidaɗo. An ce ka ɓoye cikin daji. Ka gamu da su?"

Nan da nan mutane suka matso, har da masu tallar albasa.

"Da wa?"

"Jamus mana. Su sunka kwashe ma shanu?"

"Ban ga kowa ba," in ji Gidaɗo. "Ƙuda na."

Suka ɗan jira ko zai ƙara wani abu. Da suka ga ke nan, sai suka watse ɗaya bayan ɗaya, kowa ya koma wurin kayansa. Tamu ya durƙusa yana juya fatun, yana duba inda wuƙa ta huda.

"To ka gode Allah," ya ce, bai ko ɗago kai ba. "Kai ka tsira. Ka ji abin da a ka yi ma mutane can ƙasar Turawa?"

Gidaɗo ya ce ya gode Allah. Ya tsaya yana kallon Tamu yana ware masu kyau gefe guda.