Rigar Ɗaukar Hoto

"A hankali mana, ƙarasa ni za ki yi?" in ji Kofur, yana cije leɓe.

Matarsa ta ci gaba da murza masa man zafi a gadon baya, haushi fal cikinta. Kullum haka yake dawowa daga shingen bincike, a duƙe kamar mai neman allura, saboda farantan ƙarfe biyu da ke cikin tsohuwar rigar sulkensa.

Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne hoton da ke bango. Kwanakin baya aka kawo sababbin riguna sakayau, waɗanda aka ce harsashi ba ya huda su. Aka jera su Kofur aka sanya musu, manya suka yi jawabi, aka tafa, aka ɗauki hoto. Kafin la'asar an tuɓe an mayar sito. Daga baya sai jikin masu gadin gidajen manya ake ganinsu. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa!

Ta sha ce masa ya tambaya. Ya ce ya tambaya har bakinsa ya gaji, kullum ana kan tsari. Ya kan yi dariya ya ce shi dai a hoto ya fi kowa tsaro.

Da safe ta kama shi yana zare farantin baya.

"Baban yara, don girman Allah ka mayar."

"Bayan nan ya ƙi. Yau kaɗai. Ai na gaba yana nan, ni kuwa ba na gudu."

Ya jingine shi a bayan ƙofa ya fita.

* * *

Ta bayan shingen 'yan bindiga suka ɓullo.

Ranar sadakar uku wani babban jami'i ya zo gaisuwa, yana ƙamshin turare. Ya yi addu'a, sannan ya nuna hoton bango ya ce hukuma ta yi iya ƙoƙarinta, ga shaida nan. Sai dai wasu ma'aikatan da sakaci suke.

Matar Kofur ta dubi bayan ƙofa. Ta miƙe ta jawo farantin da hannu biyu, yana kartar siminti, har gabansa.

"Ranka ya daɗe, ga kayan hukuma. A tafi da shi."

Ya sunkuya ya sa hannu. Abin ya ɗan ɗagu, ya koma. Ya gyara hula, ya leƙa waje ya kira direbansa.