Rijiyar Gidan Haya

Shekara goma sha takwas ke nan da Baba Dogo ya haƙa rijiyar gidan hayar. Gaba goma sha ɗaya ce, ruwanta garai-garai, ko da rani ba ta ƙafewa. Har daga layin baya ake zuwa ɗiba.

Da damina ta yi nisa, amai da gudawa ya shiga gidan. Matar wani tela da ke haya a gidan ce ta fara kwanciya ranar Talata, kafin Alhamis an kai mutum bakwai asibiti. Shida sun dawo da ƙafarsu. Matar tela ba ta dawo ba.

Ma'aikaciyar lafiya ta zo ta ɗebi ruwan a kwalba. Bayan kwana uku ta dawo da takarda, ta sa aka kira Baba Dogo da mai gidan.

"Kwalara ce, Baba," ta ce. "Ƙwayar cutar tana cikin rijiyar."

"'Yata, ruwan da kike ganin fuskarki a ciki?"

"Ido ba ya ganinta, Baba."

Bai yi musu ba. Ya zagaya bayan ɗakuna, ya tarar da ramin masai, wanda mai gida ya sa aka haƙa bara, lokacin da ya ƙara ɗaki biyu. Ya auna da ƙafa daga can zuwa bakin rijiya. Taku tara, kuma masan ne a tudu.

"Wa ya haƙa maka wannan?"

"Wasu ne masu sauƙi," in ji mai gida, idonsa a ƙasa.

"Araha ba ta ado. Da ka tambaye ni."

Aka yanke shawara a cike rijiyar. Mai gida ya ce zai nemo leburori, Baba Dogo ya ce ba mai taɓa ta sai shi. Washegari ya zo da shebur da baro, ya kwance guga daga igiya, ya fara zuba ƙasa. Da farko ana jin faɗuwarta cikin ruwa, can kuma aka daina ji.

Wajen azahar tela ya fito daga ɗakinsa, ya naɗe hannun riga.

"Baba, kawo in karɓe ka."

"Kai da ake zuwa yi wa gaisuwa?"

"Zaman ne ya ishe ni."

Baba Dogo ya miƙa masa shebur, shi ya kama baro. Kwana biyu suka yi suna aikin, ba wata hira.

Mutum biyu sun kwashe kayansu sun bar gidan. Sauran suna ɗebo ruwa a famfon bakin titi, su tafasa kafin su sha. Inda rijiyar take an shafe da siminti, yanzu nan mata ke shanya.