Fis Yana Aljihuna

Tun ranar da bangon banɗaki ya fara ɗumi, ba rana ba murhu, na san wani abu yana tafe. Na faɗa wa Yaya, ya ce tsorona ya yi yawa, tun muna yara ko kyankyaso ne ya gifta sai na kira Inna.

Yaya ne ya ja wayar wutar gidanmu kaf, tun Baba yana da rai. Direba ne, amma ya taɓa bin wani mai gyaran wuta na wata uku, shi ya sa ko ƙwan fitila ba a canzawa sai da saninsa. Da fis ya riƙa ƙonewa duk sanda aka kawo wuta da ƙarfi, sai ya cire siririyar wayar da ke ciki ya murɗa mai kauri. Ya ce ya yi maganinsa. Fis kam bai sake ƙonewa ba. Talabijin ce ta ƙone, sai fankar ɗakin Inna.

Ranar Asabar da hantsi ina wanke babur, matata tana guga. 'Yata Auta, mai sunan Inna, 'yar shekara bakwai, ta shiga banɗaki wanke hannu. Ko kuka ba ta yi ba. Fitowa ta yi riƙe da yatsunta, ta ce mini famfo ya cije ta. Na taɓa shi da bayan hannu. Wuta ta ja ni, har a haƙorina na ji.

Na goge hannuna, na sa takalmin roba, na buɗe akwatin wuta da ke bakin ƙofa na zare fis. Ya yi baƙi, yana warin ƙonanniyar roba. Na jefa shi aljihu.

Yaya ya fito daga shi sai singileti, yana tambayar wa ya kashe masa fanka. Da ya ji ni ne, ya miƙo hannu. Ya ce shekara ashirin wayar nan tana aiki ba wanda ya mutu. Matarsa ta leƙo tana maganar naman da ke firij. Inna ta kira ni, ta ce ba a yi wa babba haka, in ba shi.

Ban taɓa musa mata ba. Na durƙusa.

"Inna, ki yafe mini, ba zan bayar ba. Takwararki ce ta taɓa famfon nan."

Sai ta ce a kawo mata yarinyar ta ga hannun.

Yaya ya ce ko ƙusa ce zai sa a madadin fis, wuta ta dawo. Na jawo benci na zauna a ƙarƙashin akwatin.

"Kai da sunanka ma da kyar kake rubutawa, me ka sani a wuta?"

"Ban san komai ba, Yaya. Amma in za ka taɓa akwatin nan, sai dai ka ɗaga ni."

Ya tsaya yana kallona, ya juya ya buga ƙofa.

Yau kwana biyu ke nan. Na sa wa akwatin kwaɗo, fis kuma da shi nake zuwa aiki. Kowa yana fifita yana hararata, Yaya ko gaisuwata ba ya amsawa. Mai gyaran wuta zai zo gobe, ya ce wataƙila sai an fasa bango. Har yanzu ban san inda wayar ta saɓule ba, ban kuma sani ba ko Yaya zai bar shi ya shiga ɗakinsa.