Filon Maigida

Kaka ba ta taɓa yarda akwai ɗakin da ya fi nata tsafta a gidan ba. Kullum da safe sai ta share kafet da tsintsiya, ta kakkaɓe bargo, ta bubbuga katifa da tafin hannu har ƙura ta tashi tana yawo a hasken taga. Jikanta, wanda take kira Maigida saboda sunan marigayi mijinta ya ci, yana zaune a tsakiyar gado yana ta atishawa, ita kuma tana ce masa, "Yi haƙuri, yanzun nan zan gama."

A ɗakinta yake kwana tun da aka yaye shi. Amma bana tari ya kama shi, ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, idanunsa kullum jawur, ƙirjinsa yana fito in ya kwanta. Ranar da uwarsa, 'yar Kaka ta fari, ta dawo da shi daga asibiti, sai ta zauna a bakin gado tana murza yatsu.

"Mama, likita ya ce ba mura ba ce. Wasu ƙwari ne ƙanana da ido ba ya gani, suna zama cikin katifa da filo da kafet. Jikinsa ne ba ya shiri da su."

"Ƙwari? A ɗakina? Ki koma ki gaya masa ko kuɗin cizo bai taɓa kwana a gadona ba."

"Ba maganar ƙazanta ba ce, Mama, kowane gida akwai su. Sharar da kakkaɓar ma su ke tayar da su sama, ya shaƙa." Ta sunkuyar da kai. "Zai riƙa kwana a wajenmu, tunda mu siminti ne babu kafet."

Abin da ya tsaya wa Kaka a rai shi ne, ashe da hannunta take tayar masa da ciwon, tana ganin gata take yi masa.

Washegari ta ɗauki tsintsiya kamar yadda ta saba, sai ta ga Maigida tsaye a bakin ƙofa, yatsun ƙafarsa daidai dokin ƙofar, bai tsallako ba.

"Maigida, yaji ka yi mini?"

"An ce kada in shigo. Wai ƙwarinki ne suke cizona a hanci."

"Ƙwarina? Kai da ka fi ni kwana a gadon?"

Ya yi dariya, ita ma ta yi, amma sai ta jingine tsintsiyar a bango. Ta kira 'yarta ta ce ta zauna ta faɗa mata komai ɗaya bayan ɗaya, kada ta rage.

Haka aka fara. Aka naɗe kafet aka fitar. Labule mai kauri ya sauka, aka rataya marar nauyi wanda za a iya wankewa. Zannuwan da ta jibge a kan sif suka shiga akwati. Zanen gado da bargo kuma, sai a wanke su a ruwa mai zafi sosai kowane mako, a shanya su bushe ƙayau. Maimakon tsintsiya, tsumma mai laima, kuma sai yaron ba ya kusa. Aka sayo wa katifa riga mai zif wadda ta rufe ta ruf. Kaka tana yi tana mita, amma ba ta tsallake ko ɗaya ba.

Saura filo. Na marigayi ne, ya tsufa har ya lotsa a tsakiya, kuma shi yaron yake runguma kafin barci ya ɗauke shi. Ba zai jure wanki ba, kuma rigunan filo na kanti duk ba su dace da shi ba. 'Yarta ta kalli filon, ta kalli uwarta, ta kasa cewa a jefar.

Kaka tela ce kafin idonta ya yi rauni. Ta fito da yadudduka daga akwati, ta riƙa kara kowanne a bakinta tana hurawa, tafin hannunta a ɗaya gefen. Wanda ta ji iska ta wuce sosai, sai ta ajiye. Da ta sami mai saƙa matsattsiya, ta ninka shi biyu, ta buɗe kekenta da ya daɗe a rufe. 'Yarta ce ta zura mata zare a allura, Kaka ta ɗinka wa filon riga mai zif.

Kafin ta saka filon a ciki, ta ɗan jinkirta. Ba wanda ya sani, amma in ta gyara gado takan kai shi hancinta, domin har yanzu akwai ɗan ƙamshin man da mijinta yake shafawa a kai. Ta san in zif ya rufe, ƙamshin ma ya rufu ke nan. Ta kifa fuskarta a kai ta daɗe. Sannan ta cusa shi, ta ja zif har ƙarshe, ta ɗinke bakin don kada ƙaramin hannu ya buɗe.

Bayan 'yan kwanaki uwar ta yarda a gwada barcin rana. Maigida ya tsallako dokin ƙofa a hankali yana kalle-kalle.

"Kaka, ɓarayi ne suka shigo?"

"Kai ne ɓarawon. Hau gado."

Ya rungumi filon, ya shinshina, ya ce, "Ba ya warin da." Ta ce masa haka ne.

Ta zauna a kujera kusa da shi, hannuwanta a cinya, tana sauraro. Numfashinsa yana shiga yana fita, babu fito, babu tari. 'Yarta ta leƙo, Kaka ta ɗora yatsa a leɓe.

Da ya farka ya yi miƙa, ya dube ta da ido ɗaya, ya ƙirƙiro atishawar ƙarya.

"Allah ya shirye ka," in ji Kaka. "Je ka ɗauko kayan barcinka, ka ce wa uwarka maigidana ya dawo ɗakinsa."