Yawun Kaka

Likitar haihuwa ce ta jawo wa Malama wannan wahalar. Da ta ji Malama tana da kaka mai neman shekara ɗari, wadda ta haifi autanta bayan ta haura arba'in, sai ta ajiye biro. Ta ce irin jinin da suke bincike a kai ke nan, don mai yiwuwa tsawon rai da haihuwa a makare tare ake gadonsu. Ta ba ta 'yar kwalba, ta ce ta kawo yawun tsohuwar a gwada.

Malama ta kusa arba'in, ko ɓatan wata ba ta taɓa yi ba, kuma autan nan shi ne mahaifinta. Ta riƙe kwalbar kamar ƙwai har gidan Kaka.

To amma wa ya isa ya sa Kaka abu? Tsohuwar da ke wuni tana tofar da yawu a tsakar gida, yau da ta ga kwalba sai bakinta ya bushe. A kashe fanka. A kunna fanka. A nemo mata tashar rediyon da aka rufe tun Malama tana goye. Can ta miƙe ƙafa a kan tabarma.

"Yanke min farce tukuna, ja'ira."

Malama ta durƙusa da reza, takaici ya cika ta fal. "Kaka, don Allah ki tofa mana! So ake a ga ko na gado ki. In kin haifi Baba da girma, ni ma ban makara ba."

"Wa ya ce miki ni na haife shi?"

Malama ta ɗago kai.

"Ɗan ƙanwata ne. Ita ce mai haihuwar, duk shekara da goyo, ko furfura ba ta gani ba. Wajen haihuwarsa ta rasu, na kwashe yaran duka. Ni ko ɓari ban taɓa yi ba."

"Shi ne ba wanda ya taɓa faɗa min?"

"A faɗa miki me? 'Ya'yana ne."

Kuka ya taso wa Malama, amma haushi ya riga shi fitowa. Ta cilla kwalbar cikin jaka. "To ni fa yanzu? Haka zan tsufa ba kowa?"

Kaka ta motsa babban yatsanta a tafin hannun Malama.

"Ni da ban haifi kowa ba, wa ke yanke min farce? Ci gaba, kin tsallake na tsakiya."